Baƙo a Gidan Yayana

Shekara tara ban taka Kwatano ba. Da mai babur ya sauke ni a Zango, na tarar da yayana zaune a zaure kan buzunsa, inda ya saba karɓar fatake daga arewa. Na yi sallama, na durƙusa. Ya amsa da fara'a, ya sa aka kawo ruwa, sannan ya ce, "Baƙo, daga wane gari?"

Na zaci wasa ne. Da na ɗauki jakata na nufi ɗakina, sai ya tare ni da sanda. "Wannan na ƙanena ne. Yana hanya."

A Kumasi na ga tsohuwar da aka kira mayya saboda irin wannan mantuwa. A Marsiliya, can ƙasar Turawa, na ga gidajen da ake tara irinsu. Ban taɓa kawo wa raina zan ga haka a zaurenmu ba.

Na yi abin da bai kamata ba. Na ciro fasfo, na faɗi sunan mahaifiyarmu, na ɗaga murya. Ya hau kiran maƙwabta su fitar da ni.

'Yarsa ta fari, wadda ke jinyarsa, ta ja ni soron ciki. "Baffa, ka bar gardamar nan. Likita ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba ya jin musu. Abin da ya dame ni, kwana uku ke nan ya ƙi cin abinci. Tun da ya ji an ce kana tafe, ya rufe kwano, wai sai ka iso."

Na leƙa zaure, na dubi kwanon a gefen buzu. Tuwon ya sandare.

Na fita ta ƙofar baya, na zaga layi, na sake yin sallama. Ya sake tambayata gari.

"Daga Kumasi, Alhaji. Na haɗu da ƙanenka."

Ya gyara zama. "Ya rame?"

"Ya yi tumbi."

"Haka yake, ba ya wasa da ciki."

"Ya ce a gaya maka ka ci abinci, kada ka jira shi."

Sai ya kira 'yarsa ta ɗumamo tuwo. Ya tura kwanon tsakaninmu.

"Bisimilla, baƙo. Ci ka ba ni labarinsa."

A ɗakin fatake na kwana, har na wata biyu.