Jakin da Ya Je Duba Mana Dogon Dutsi

A kakar shekarar da na gama ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar bokon ƙauyenmu, can bayan Sukukutane, wata safiya muna ɗaura damman gero sai ga Kawu Ango daga Dogon Dutsi, da hula sabuwa da agogon da ba ya tafiya. Ya zo wa Baba da albishir: ana neman mai gadin wata mangaza, wato ɗakin ajiyar hatsi, albashi duk wata, ko an yi ruwa ko ba a yi ba. Ni kuwa kunnena abu guda ya kama, wai a Dutsi akwai lakwal ta gaba. Tamu rumfar zana ce, daga ajin da na gama kuma sai gona.

Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ji labarin cewa a birni ruwa ma saye ake yi, itace saye, har ɗakin kwana sai an biya. Sai ya yanke hukunci irin na manyan masana: jakinmu Duna zai fara zuwa ya yi rani a gidan Kawu, yana jan amalanke. "In garin ya ciyar da jaki, zai ciyar da mu," in ji shi. Aka haɗa ni da Duna a matsayin ɗan rakiya.

Har yau in na lumshe ido ina ganin ranin nan. Dutsen garin ya yi ja da yamma kamar an shafa masa man ja, kwalta tana walƙiya, manyan motoci suna wucewa zuwa garuruwan da ban san sunansu ba. Nakan tsaya a jikin tagar lakwal in ji mushe, wato malamin ajin, yana faransanci, ina maimaita wa Duna a hanya, shi kuma yana kaɗa kunne kamar ya fi ni ganewa. Amma harawar da muke zubarwa a gida, a can ƙulli-ƙulli ake sayar da ita. Abin da Duna ya samo da safe, cikinsa ya cinye kafin la'asar, bai kuma ƙoshi ba. Da na ga karatuna yana ramewa tare da shi, sai na riƙa raba masa furata, ina roƙonsa ya yi ƙiba don Allah.

Da gajimaren farko ya taso muka koma gida. Baba ya shafa haƙarƙarin Duna, ya juyo ya shafa nawa. Inna ce ta ce, "Mun aika jaki ɗaya, an maido mana biyu." Washegari aka miƙa mini hauya. Nan digirina ya tsaya, shi ya sa faransancina yake gaisuwa amma ba ya hira.

Yanzu samari ta waya suke tambayar kuɗin haya, su hau babur su tafi. Ɗana ma yana Dutsi, kullum sai ya ce in komo wurinsa in huta. Ina so, wallahi, ko don in sake tsayawa a jikin tagar nan. Sai dai Duna ya daɗe da rasuwa, ni kuma ban saba shiga gari ba tare da shawararsa ba.