Tsarabar Ɗan Yaya

A kasuwar Chow Kit na koya wa ɗan Yayata yadda ake zaɓen kaya. Lokacin maigidana yana karatun digiri na uku a ƙasar waje, muna zaune a wani dogon bene a Danau Kota, ni kuma ina haɗa turaren wuta da humra ina sayar wa matan mutanenmu. Yaron ya zo karatu wata kwaleji, ɗakinsa yana Taman Melati amma cikinsa yana gidana. Ranar da zai taso daga Kano Yaya ta kira ni ta ce, "Ga ɗanki nan, amana." Na ce ta kwantar da hankalinta.

Shi yake raka ni sayen icen ud, wanda mutanen nan suke kira gaharu, wurin wani tsoho mai ɗan matsattsen shago a bayan masu kifi. Tun zuwan farko na ja kunnensa.

"Kar ka taɓa karɓar abin da aka fara miƙo maka. Na kan kanta na baƙi ne. Ka shinshina, ka ɗan yamutsa fuska, ka ce a fito da na ciki."

"Anti, ke fa kin iya wahalar da mutane."

"Mutanen sun fi ka sanin hali. Shinshina."

Ashe hancinsa ya fi nawa. Ba a jima ba ya fara kama icen da aka shafa wa mai don ya yi ƙamshin ƙarya, tun kafin a ɗora shi a wuta. Tsohon yana hango shi zai fara dariya yana sunkuyawa ƙarƙashin kanta. Ni kuwa sai kumbura nake, kamar ni na haife shi.

Sai ciwon daji ya kama ni a mama. Aka yi aiki, aka fara ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi. Gashin bai dame ni ba kamar abinci. Ko warin shinkafa daga gidan maƙwabta sai ya tayar mini da zuciya, turarena ma sai da aka kwashe kwalaben aka kai baranda. Na rame har zobena yana zamewa. Kowa ya zo dubiya da nasa maganin, kamar yadda muka saba: mai habbatus sauda, mai ganyen gwanda, mai ruwan zamzam, wata har da garin da aka aiko mata daga Zariya. A wurinmu ba a zuwa gaban mara lafiya hannu rabbana, kuma ba a kawo masa ɗan kaɗan. Shi yaron kullum sai ya yi tapau, wato ya sa a ƙunso masa wani abu a leda daga mamak, gidan abincin Indiyawan nan, ya zauna a bakin gado yana lallashina.

"Anti, makan lah, ki ci. Ko loma ɗaya."

Nakan juya fuska bango. Yana ganin ledar jiya a inda ya ajiye ta.

Da aka yi hutu ya ce zai tsallaka Thailand da abokansa. Na ji daɗi, na ce ya je ya sha iska, ya gaji da warin asibiti. Har na tsokane shi kada ya dawo ba tsaraba. Ina nufin busasshen mangwaro ko ɗan gyale.

Da rana tsaka abokinsa ya kira maigidana yana kuka. A hanyar dawowa an sauke su daga mota a bakin iyaka, karen jami'ai ya wuce jakunkunan kowa ya tsaya a kan tasa, aka buɗe aka ga wiwi. A can ƙasar a lokacin shagunan wiwi a buɗe suke da lasisinsu, kamar kantin magani. A nan kuwa abu ne da yake kai mutum inda ba a dawowa da wuri. Kowane ɗalibi ya san haka, shi ma ya sani.

Na yi fushin da ban taɓa yi ba. Ina kwance ba ni da ƙarfin ɗaga kofi, amma na zage shi tas a gaban maigidana, na ce shashasha ne, ya zo ƙasar mutane ya zubar mana da mutunci. Sai daga baya lauya ya gaya mana gwajin fitsarinsa bai nuna komai ba, bai sha ba. Yaron ya ce wa 'yan sanda na innarsa ne da ba ta iya cin abinci. An zo har gida an yi mini tambayoyi, aka ga halin da nake ciki aka tafi. Yawan abin da ya ɗauko ya wuce a ce kuskure ne. Aka yanke masa shekaru, da bulala.

Sai da aka dawo da shi wani gidan yari kusa da mu, ni ma na fara taka ƙafa, sannan na je. An aske masa kai, nawa gashin ya fara tsirowa, muka kalli juna ta gilashi kamar 'yan biyu. Na ɗauki wayar da ake magana ta ciki da niyyar faɗa. Kafin na buɗe baki ya fara ba ni labarin shagon wiwin, idonsa yana haske.

"Anti, da kin ga wurin. Clean, ga sanyi, ga kwalabe jere kamar naki. Wani ya ce mini yana buɗe ciki, masu irin ciwonki suna amfani da shi. Mutumin ya miƙo mini na kan kanta, na murza, ya bushe ƙayau, warin ciyawa kawai. Na ce no lah, fito da na ciki."

"Rufe mini baki."

"Wallahi sai da ya shiga ciki. Ya ba ni gilashin ƙara girma na duba. Furen a dunƙule, ba 'ya'ya ko ɗaya, duk jikinsa fari-fari kamar an barbaɗa sukari, yana kama yatsa. Ƙamshin kuwa, kamar ɓawon lemon tsami da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta cikin leda biyu ana jin sa. Na ce wannan ne na Anti."

Ta cikin leda biyu. Da ya karɓi busasshen nan na kan kanta, wa ya sani ko karen zai ji. Na tambaye shi don me ya ɗebo da yawa haka. Ya dube ni kamar na yi tambayar yara.

"Anti, ke zan kawo wa ɗan kaɗan?"

Mai gadi ya taɓa kafaɗarsa, ya miƙe, sai ya sake ɗaukar wayar da sauri.

"Kina cin abinci yanzu?"

Na ce ina ci. Gaskiya ne, cin ya dawo da kansa bayan an gama ƙarin ruwan, ba tare da komai ba.

Ban taɓa ganin abin da ya zaɓo mini ba, ban taɓa shinshinarsa ba, amma yana bina. In na yanka lemon tsami a kicin, ko aka yi ruwan la'asar ƙasa ta jiƙa, sai na ajiye abin da ke hannuna na nemi wuri na zauna. Na daina haɗa turare. Sau ɗaya na bi ta gaban shagon tsohon, ya leƙa bayana yana neman yaron, na ƙara sauri. Yaya ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba. Takan kira ta ce, "Ya jikin naki?" shi ke nan. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Maigidana ya gama karatu, waɗanda muka zo tare duk sun koma gida. Ya nemi aikin koyarwa muka zauna, don na ce ba zan sauka Kano na haɗa ido da Yaya ni kaɗai ba.

Ranar ziyara nakan fita da wuri, na tsaya a mamak ɗin da yake sayo mini abinci. Na sa a kawo roti, gurasarsu, da miya, na cinye tas ko ba na jin yunwa, har na suɗe kwanon. Na san abin da zai tambaya kafin ya ajiye wayar.