Wake a Gindin Tahat

Ni ba mai hawan dutse ba ne. Bulo na yi ta ɗauka a unguwar Sersouf ta garin Tamanrasset har bayana ya ƙi. Lokacin da Turawa suka sake fara zuwa Tamanrasset, wani Balarabe mai motocin yawo ya nemi kuku. Na ce na iya. Ya ce tafiya guda zai gwada ni: in baƙi sun ci sun yaba, na zauna. In ba haka ba, siminti yana jirana.

Muka yi zango a gindin dutsen Tahat, wanda ko gindin nasa can sama yake a kan tsaunuka. Da safe na ɗora wake yadda muke yi a gida, na bar wa direba ya riƙa tura wuta, na ɗauki ruwa da butar shayi na bi masu hawa. Jagoranmu wani tsohon Buzu ne mai jin Hausa. Kowane dutse sai ya faɗa mini sunansa da yarensu na Tamashek, ya ƙara da yadda Larabawa ke kiransa, ni kuwa numfashi nake nema.

"Bahaushe, sannu-sannu," in ji shi. "Ba shugaban leburori a nan."

Na kai sama, ban san yadda aka yi ba. Duwatsu baƙaƙe har ƙarshen gani, iska kamar reza. Na dafa shayi. Ya yi daɗi, ba zan ɓoye ba.

Da muka sauko na buɗe tukunya. Ruwa na tafasa, wake kamar tsakuwa. Direba ya rantse da Larabci bai bar wutar ta mutu ba. Ga Turawa can sun zauna da cokula a hannu. Na ji nauyin bulo ya dawo mini a kafaɗa.

Buzun ya leƙa, ya yi dariya.

"A nan sama ruwa tafasar ƙarya yake yi. Ina kanwarka?"

"Na baro ta gari."

"Bahaushe ba kanwa! Wa ya raine ka?"

Ya kwance jakar tabarsa, ya ɓallo mini daga kanwar da yake tauna taba da ita. Na jefa. Kafin su gama shayi wake ya yi laushi. Har gindin tukunya suka kankare.

Shekaru na yi a aikin nan, bayana ya huta. Duk tafiya kanwa biyu nake ƙullawa, tawa da ta tsohon. Bai taɓa cewa an gode ba, sai dai ya ce tawa ba ta kai tasa ba.