Lalla Shadliyya, Malamar da Ta Koma Sahun Baya

Daga Allah muke, gare Shi kuma makomarmu take. Da hantsin ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, Allah Ya karɓi ran Lalla Shadliyya Ben Mabruk a gidanta da ke birnin Sfax, tana da shekara saba'in da huɗu. 'Yarta Hanan ce ta bugo mini waya ina tsakiyar aji. Na gaya wa matan da ke gabana, sai wata dattijuwa a cikinsu ta ce, "Mu ƙarasa, Malama. Da tana nan ba za ta bari mu naɗe tabarmi ba." Muka ƙarasa, kowa na share hawaye.

Lalla, shekara talatin da biyu kika yi kina koya wa matan garin nan motsa jiki da daidaita numfashi. Kin bar aikin gashin ƙashi a asibiti, kika buɗe aji a wani ɗaki da ke saman shagon mai gyaran keken ɗinki. A lokacin dariya ake yi miki, ana cewa Shadliyya ta tara matan aure tana koya musu numfashi, sai ka ce da can ba sa yi. Yau mu goma sha bakwai ne muke koyar da wannan aiki daga Sfax zuwa garin Mahres, kuma babu wadda ba ta bi ta hannunki ba.

Ni kam har sau biyu na bi. Na farko kin koya mini aikin. Na biyu kin hana ni jefar da shi.

A shekarata ta tara da fara koyarwa zuciyata ta bushe. Bakina yana ƙirga numfashi, hankalina yana kan abin da zan dafa. Wata rana wata ɗalibata, Sabiha, ta yi awa guda a kan tabarmarta tana kuka a ɓoye, domin ba ta daɗe da rasa mijinta ba. Ban gani ba. Sai a bakin ƙofa wata ta gaya mini. Kunya ta rufe ni, na zo na ce miki na daina. Ba ki rarrashe ni ba. Tambayata kika yi, "Wasila, yaushe rabon da wani ya koya miki wani abu?" Kika ce in zo ranar Asabar da takalmin gona.

Mu shida kika kwasa zuwa wata gonar zaitun, lokacin ana tsakiyar girbi. Kika kai mu gaban Ommi Mbarka, tsohuwar da ta yi shekara hamsin tana hawan tsani tana tsince 'ya'yan zaitun, bayanta a miƙe kamar na budurwa. Kika roƙe ta ta koya mana yadda take sunkuyawa. Ta dube mu sama da ƙasa ta ce, "Waɗannan ne malaman? Wannan mai siraran ƙafafun ko tulun ruwa ba za ta kai gida ba!" Ni take nufi. Wuni guda tana yi mana tsiya tana gyara mana tsayuwa, ke ma ba ta ƙyale ki ba, kina dariya kina cewa ta ƙara. A hanyar komawa kika sauke ni a ƙofar gidan Sabiha, kika ce in shiga in yi mata gaisuwar da ban yi ba. Na shiga. Har yau tana ajina.

Daga wannan rana kika kafa mana zaman Asabar ɗin farkon kowane wata. Dokarki ita ce wadda ta fi kowa sabunta a aikin ita za ta ja ajin, manya su bi. In an gama a zauna da shayi da wata irin gyaɗa da ake kira luz, kowace ta faɗi ɗaliba ɗaya da ta kasa taimaka wa a wannan watan. Ke kike fara faɗin taki. Saboda wannan zama, ban san wata a cikinmu da ta sake yin fama da gajiyar zuciya ita kaɗai ba.

Amma abin da na fi alfahari da shi ya zo ne bayan ciwo ya same ki. Shekara huɗu da suka wuce ɓarin jikinki na hagu ya shanye. Muka ɗauka aiki ya ƙare. Bayan wata biyar sai ga Hanan ta turo ki a keken marasa lafiya cikin ajina na masu farawa, kika ce ta ajiye ki a sahun baya. Mako uku ina gyara kowa ina kauce miki. Rannan kika kira ni a gaban mutane.

"Zo nan, 'yata. Kina taɓa kowa kina tsallake ni. Na mutu ne?"

Na ce, "Lalla, nauyinki nake ji."

Kika ce, "To hannun nan ya fi ni nauyi. Zo ki ɗaga shi."

Na ɗaga. Wata goma sha ɗaya muka yi a kan wannan hannu kafin ya kai daidai kafaɗa da kansa. Bai taɓa wuce nan ba, kuma ba ki taɓa ɓoye hakan ba. Kika ce mini kin daɗe kina ce wa mata su saki kafaɗa, ba ki san yadda ake ji ba idan kafaɗar ta ƙi sauraro, sai yanzu. Da wannan sabon ilimi kika buɗe ajin kujera, na waɗanda ciwo irin naki ya zaunar. Mutanen da suka yi shekaru ba su fita ƙofar gida ba suka fara zuwa duk Alhamis. Kina koyarwa da hannu ɗaya, da harshen da ya yi nauyi, ba mai rasa gane abin da kike nufi. Kika horar da biyu daga cikinmu, kika matsa musu har suka iya ba tare da ke ba.

Alhamis ɗin da ta biyo bayan rasuwarki ajin kujera bai tsaya ba. Duka mutum ashirin da uku sun zo. An kuma kawo wata sabuwa, wadda ɗanta ya ce ta ji labarinki ne a wurin zaman makoki, ta ce a kai ta.

Ya Allah, ga baiwarka Shadliyya ta zo gare Ka. Ka gafarta mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Duk bayan da ya miƙe ta dalilinta, duk ƙirjin da ya sami sauƙin numfashi, Ka sanya mata shi a mizani. Ka ba ta Aljannar Firdausi, inda babu ciwo babu gajiya.

A madadin malaman zaman Asabar, ina miƙa ta'aziyya ga maigidanta Si Munsif, da 'ya'yanta Hanan da Ridha, da jikokinta, da dukkan ɗalibanta. Allah Ya ba ku haƙurin rashinta, Ya ba mu ikon riƙe abin da ta bar mana. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.

Wasila Triki, Sfax