Damin da Ɗanmusa Ya Mayar

Duk wanda ya zauna Bagudo a shekarun da Turawa suka naɗe tabarmarsu ya san Ɗanmusa na kwastan, ko da bai taɓa gaisawa da shi ba. Dogo ne, baƙi, mai saurin tafiya kamar ana jiransa a wani wuri. A lokacin, daga bakin kogin Kwara har iyakar Dahomi, babu ɗan ƙasar nan da gwamnati ke zuba wa albashi kamarsa. Iyaye kan nuna shi da baki su ce wa 'ya'yansu, ku yi karatu ku zama haka. Da sun san abin da ke cikin tukunyar gidansa in wata ya raba tsakiya, wallahi da sun bar yaran nan a gona.

A wani ƙauye kusa da Sharabi aka haife shi, shi kaɗai ne namiji a ɗakin uwarsa Batulu. Ubansa gona ɗaya ya mallaka, amma gona ce ta gaske, ta faro daga tudu inda gero ke yi, ta gangaro har fadama inda ake shinkafa. Da aka zo ɗibar yara makarantar boko, maigari ya miƙa Ɗanmusa don ubansa ba shi da bakin hanawa. Yaro kuwa ya yi ƙwaƙwalwa. Daga nan sai Sakkwato, daga Sakkwato sai aikin kwastan, ya yi shekaru ƙarƙashin wani Bature yana kwance ƙunshin fatake yana ɗaurewa. Da aka sami mulkin kai Baturen ya hau jirgi, aka duba aka ga babu wanda ya san hanyoyin iyakar nan kamar Ɗanmusa, aka ba shi kujerar da albashinta.

Cikin wannan shekarar uban ya rasu, gona ta zama tasa. To, babban ma'aikaci mai farar safa zai riƙe fartanya? Sai ya ba da ita aro ga Namadi, maƙwabcinsu kuma abokin wasan ƙasarsa, mutum mai 'ya'ya da yawa da gona kamar tafin hannu. A ƙasar nan aron gona yana da ƙa'idarsa, kuma ko yaron goye ya ji ta. Kowace kaka, wanda aka ara wa zai ɗauko dami ɗaya a kansa, da rana tsaka, ya bi ta gaban mutane ya kai gidan mai gona. Ba haya ba ce, dami ɗaya ba ya cika rumbu. Shaida ce, don kowa ya gani ya tuna ko gonar wa ce. Mai gona kuwa dole ya karɓa, ko da awakinsa zai zuba wa.

Kakar farko Namadi ya yi abin da ya kamata. Ya ɗauro damin gero mai kyau, ya tako har Bagudo, ya iske Ɗanmusa zaune a ƙofar gida kan kujera da abokan aikinsa, cikinsu har da mataimakinsa Rufus, wani mutumin kudu da ya iya Hausa kamar a nan aka haife shi. Ana shan shayi ana sauraron rediyo. Namadi ya sauke damin a gabansu, ƙaiƙayi ya tashi ya bi fararen kaya, ya durƙusa ya ce, "Ranka shi daɗe, ga damin gona na kawo."

Kunya ta kama Ɗanmusa har wuya. Shi, mutumin da ake tsayuwa in ya shigo ofis, a gan shi yana karɓar damin talaka? Ya yi dariya ya ce, "Haba Namadi, mi zan yi da dami? Kai ka yi wahala, kai ka da iyali. Ɗauki ka kai ma yara." Ya sa hannu a aljihu ya ƙara masa da kuɗin goro. Masu shan shayi suka yi ta sa albarka, suna cewa haka manya suke. Namadi ya ɗauki daminsa ya sake bi ta gaban mutanen da suka gan shi ɗazu, suka kuma gan shi yanzu.

Da labari ya kai wa Batulu, ba ta aiko kowa ba, da kanta ta zo. Ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Ta ce, "Kai wanga, ashe karatun da ka yi bai koya maka karɓar dami ba? Ubanka bai taɓa maida na kowa ba."

Ya ce, "Inna, zamani ya sake. Wanga abu na waɗanda ba su yarda da juna ba ne. Namadi ɗan'uwana ne. Kuma in hatsi kike so, albashina na wata guda ya saye gonar nan da abin da ke cikinta."

Ta gyara lulluɓinta ta koma ƙauye. Kaka ta sake zagayowa, Namadi ya kawo, Ɗanmusa ya mayar. Ta gaba ma haka. Daga nan Namadi ya daina wahalar da wuyansa, babu kuma wanda ya tambaye shi dalili.

Albashin nan kuwa da ake ta kururutawa, bari ku ji yadda ake cinsa. Tun kafin ya taɓa hannun mai shi an yanke na mota, don an ce babban ma'aikaci ba ya hawan keke, aka tura masa bashin mota ya saya, mota kuma a hanyoyin nan kullum tana gun makaniki. Ranar biya, kafin ya dawo daga ofis zaurensa ya cika. Wannan matarsa ta haihu, wancan za a yi wa 'yarsa gara, ga wanda jangali ya kama, ga wanda ya ce kakarsa da kakar Ɗanmusa tare suka yi talla. Ga maroƙa da kalangu. Ga masu gudummawar jam'iyya, ga ta masallaci, ga ta tarbar manyan baƙi daga lardi, kuma kowane baƙo a gidansa ake sauke shi, da rago. In ya hana ɗaya, kafin la'asar gari ya ɗauka cewa Ɗanmusa ya zama Nasara. Mutanen da ba su taɓa tambayarsa ko ya karya kumallo ba su ne suka fi sanin ranar da ake biyansa. Abin haushi, shi ma yana jin daɗin kirarin.

Sannan kasuwa ta haukace. Fataken Dahomi suka riƙa ƙetarowa da sefa suna kwashe gero da shinkafa tun suna gona, abin da ya rage a kasuwar Bagudo ya yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Mudun da ake saye da kwabbai ya koma na sulalla. Gishiri ya hau, kananzir ya hau, atamfa ta hau, sabulu ma ya zama abin ɓoyo. Albashi kuwa yana nan inda Bature ya bar shi, sai dai a ji a rediyo an kafa kwamiti. Manomi bai damu sosai ba, rumbunsa yana bayan ɗaki. Wanda ya shiga uku shi ne mai awo, wanda kowace ƙwayar da za ta shiga bakin iyalinsa sai an auno ta a kasuwa. Babban mai awo na ƙasar Bagudo kuwa shi ne Ɗanmusa, ga baki ya fi ashirin a gida, ga uwa a ƙauye da marayun ƙanwarsa da take riƙo, su ma daga aljihunsa ake aika musu.

Wata yana kaiwa tsakiya, gidan sai ya koma tuwo sau ɗaya. Matarsa Sakinatu ta riƙa fitar da tasoshin jerenta ɗaya bayan ɗaya ta hannun dillaliya, tana roƙon kada a faɗi daga gidan da suka fito. Shi kuwa ya fito da safe da kakinsa a goge, ciki ba komai, a sara masa. Da ya so, da ya kau da kai a bakin iyaka motar hatsi ɗaya ta wuce, gidansa ya ƙoshi. Bai taɓa yi ba, wannan kam a ba shi. Amma gaskiyar mutum ba ta hana yaransa kuka.

Sai a lokacin ya tuna yana da gona. Ya lissafa, in ya karɓe ta ya sa 'yan ƙodago, geron tudu da shinkafar fadama za su riƙe gidajen biyu shekara, albashi ya ji da sauran. Ya shiga mota ya tafi ƙauye da fara'arsa, ya sami Namadi ya ce masa bana yana son gonarsa.

Namadi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Wace gona, ranka shi daɗe? Wadda ka ba ni?"

"Wadda na ara maka."

"Aro da dami akan san shi. Na kai, ka maido. Na sake kaiwa, ka maido, gaban jama'a. Ni kuwa na ɗauka ka yafe, na kwashe takin shekaru na zuba, na yi ma fadama shinge, ɗiyana biyu sun yi aure bisa wagga gona. Yanzu in ce masu mi?"

Ɗanmusa ya ji kansa ya yi zafi. Ya kira shi maci amana, ya kira shi abin da ya fi haka, har mutane suka taru. Aka ɗunguma gaban maigari. Maigari ya tara dattawa ya yi musu tambaya ɗaya, ko akwai wanda ya taɓa ganin damin gonar nan ya shiga gidan Ɗanmusa ya kwana. Ba a sami ko mutum ɗaya ba. Waɗanda suka ga an mayar kuwa, har da waɗanda ba a tambaya ba suka yi magana, kuma yawancinsu mutanen da ke cika zaurensa ne ranar biya. Maigari ya ce, "Malam, ba ni na yanka ba, kai ka yanka da hannunka tun tuni. Mai gona ba ya maida dami. In na karya wagga ƙa'ida don kai babba ne, gobe babu mai aro da zai kwana da hankali kwance, babu mai gona kuma da zai yarda shi ba da."

Ɗanmusa ya ce zai kai gaban alƙali. Ya kai, alƙali ya nemi shaidu, shaidun su ne dai. Ya dawo Bagudo yana huci, ya kwana biyu ba ya amsa gaisuwar kowa, ya rantse ya rufe zaurensa. Ranar biya ta zo, zaure ya cika, ya fito ya raba. To, ya zai yi? Wanda aka saba gani da buɗaɗɗen hannu, ranar da ya dunƙule shi cewa za a yi an kore shi daga aiki.

Batulu ba ta ce masa ai na faɗa maka ba. Da ta faɗa ma da ya fi sauƙi. Abin da ta yi shi ne, da dillaliyar nan ta kai tallan tasa har ƙauyensu, ta gane ta jeren surukarta ce, sai ta daina aiko masa cewa hatsi ya ƙare. Shi kuma da bai ji aike ba, sai ya ce a ransa suna da saura. Ya san ƙarya yake yi wa kansa, amma watan nan an sauke masa baƙi daga lardi, ko mudu bai iya aikawa ba.

Kaka ta yi, an girbe gero an ɗaure. Wata safiya Ɗanmusa ya ɗauki Rufus a mota za su duba wata hanyar jakuna da fatake suka buɗe ta bayan Sharabi. Hanyar ta bi ta gefen gonar. Ya yi niyyar ya kau da kai, sai ya hango tsofaffin mata cikin karan da aka kwantar, sun duƙa suna kala, suna tsintar zangarniyar da masu girbi suka zubar, abin da aka bar wa gajiyayyu da waɗanda ba su da kowa. Rufus ya girgiza kai ya ce, "Dubi bayin Allah nan. Ina 'ya'yansu suke?"

Ɗanmusa ya taka birki har motar ta mutu. Ya gane zanen kafin ya gane mai shi, don shi ya saya mata da sallah. Ya fito ko ƙofa bai rufe ba, ya tsallake kunyoyin shuka ya faɗa gonar da takalmansa, yana tafe yana tuntuɓe da kara. Sauran matan suka miƙe suka ja baya ganin kaki. Batulu ba ta miƙe ba, ta ɗauki wata guntuwar zangarniya ta kaɗe ƙasar ta jefa a ƙwarya.

"Inna!" ya ce. "Inna, mi kike yi nan? Kina son ki kashe ni da raina? Tashi mu tafi, yau ɗin nan zan auno maki buhu."

"Da mi?" ta ce, ba ta ɗago ba.

Wata ya yi nisa, ita ma ta sani. Ya duƙa zai ɗauki ƙwaryar, ta dafe ta da hannu, sannan ta ɗago ta dube shi, gumi na bin tsagar fuskarta.

Ta ce, "Marayun can tun jiya ba su ci ba, kada ka zubar mini. Koma ga motarka, baƙonka na kallo. Kuma ka fita ma mutane daga gona. Ni na je na roƙi Namadi izni kafin in shigo, kai ba ka roƙa ba."