Saƙon Mama da na ji rabinsa

Akwai wata Lahadi da ba za ta fita raina ba har in koma ga Mahaliccina. Shekaru sun wuce, amma duk ranar da na tuna ta sai abinci ya fita kaina.

Lokacin ni ne mai sanarwa a ƙaramar ikilisiyarmu da ke Badarawa. Ba don ilimi aka ba ni aikin ba, sakandare kawai na gama, don dai ina da babbar waya ne. Dattijon da ya riƙe aikin kafin ni, idan aka ce wani ba lafiya, keke yake hawa ya je gidan Fasto, daga nan ya bi gida-gida. Ni kuwa na buɗe mana zaure a waya na zuba jama'a ciki, ina taƙama wai na hutar da kowa. Gaskiyar magana kaina na hutar. Har ana tsakiyar wa'azi yatsana na kan waya, in an fito ka tambaye ni ayar da aka karanta sai dai in yi murmushi.

Ran nan da aka tashi sujada, wata tsohuwa mai tuyar ƙosai a Rafin Guza ta tare ni a bakin ƙofa. Mijinta ya daɗe a kwance. Fasto ya shiga taron dattawa, ita kuma ta baro mara lafiya shi kaɗai, ba ta iya jira.

"Ɗana, ka ji ni da kyau," in ji ta.

"Ina jin ki, Mama."

Ƙarya nake yi. Ana gardama a zauren kan kalar ankon mawaƙa, wani ya taɓa ni da magana a ciki, ina shirya masa amsa. Sai daga baya na san abin da ta faɗa: asibiti sun ce a koma da Baba gida, shi kuma abu ɗaya yake roƙo, Fasto ya zo ya ba shi Jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon tunawa da Almasihu, kafin ya tafi. Ni "Baba" da "jiki" kawai suka shiga kunnena.

"Ka ji ko?"

"An gama, Mama. Yanzun nan kowa zai sani."

Na rubuta cewa a sa Baban Rafin Guza cikin addu'a, jiki ya motsa. Amin ya yi ta zubowa, har da hotunan hannuwa a haɗe. Fasto ma ya rubuta nasa. Kafin la'asar maganar anko ta binne saƙon, ni kuma na ɗauka na sauke nauyi.

Ranar Alhamis da safe wani Bakatsine direba, maƙwabcinsu, ya same ni a shagona a Hayin Banki.

"Kai ne na cocin su Mama? Tsoho ya cika da asuba. Mu muka zauna da shi. An yi ta cewa malaminku na tafe, shiru. Lafiya dai ko?"

Na rufe shagon na nufi gidan Fasto.

Da muka je gaisuwa, Fasto ya durƙusa gabanta ya ce, "Haba Mama, me ya hana ki aiko mini?"

"Na aika, Fasto." Ba ta ko dubi inda nake ba. "Tun Lahadi Baba ya sa aka yi masa aski, na sa masa farar rigarsa. Da ya ji babur ya tsaya sai ya ce, leƙa ko su ne. Ranar Laraba ya ce in cire rigar kada ta yi datti."

Don wauta sai na ciro waya ina nuna mata. "Mama, an yi masa addu'a fa, dubi amin."

"Ɗana, ban iya karatu ba. Shi ma bai gani ba."

Lahadin da ta biyo na miƙe gaban ikilisiya na faɗi abin da na yi, ban rage komai ba. Mama ta ce ta yafe, Baba ne dai ba ya nan balle in roƙe shi. Wannan kalmar ta fi mini zagi ciwo.

Abin da na koya shi ne, saƙo bai isa ba sai ya isa ga wanda zai tashi ya je. Yau in mutum ya tsaya gabana zai yi magana, kife wayar nake yi in dubi fuskarsa, domin ban san ko wannan ne roƙonsa na ƙarshe ba.