Hannun Malamin Lissafi

Ko zan mance sunana, ba zan mance ranar da na yanke wa malaminmu hannu da bakina ba.

Lokacin Shari'a ba ta daɗe da kafuwa a Zamfara ba, wayar salula kuma da ɗingishi ta shigo Shinkafi. A unguwarmu sabis ba ya sauka ƙasa, sai a kan tsamiyar bayan makaranta. Malaminmu na lissafi ɗan bautar ƙasa ne daga Kudu, Kirista, ko turmi bai iya hawa ba. Ni kuwa biri ma yana sara mini. Don haka ni ke hawa da wayarsa in karɓo masa saƙonni.

Ran nan ina can ƙololuwa waya ta yi ƙara. Mahaifiyarsa ce, tana tambaya da Turanci ko ɗanta lafiya, don a garinsu ana cewa mu nan da yankan hannu muke karya kumallo. Shaiɗan ya raɗa mini. Na ce, "Lafiya lau, Mama. Ɗaya kawai aka cire, na hagu ma." Kafin in ce wasa ne, sabis ya ɗauke.

Har magariba ina hawa ina sauka, ƙirjina duk ya saɓule, sabis bai dawo ba. Malam bai zage ni ba. Jakarsa ya haɗa, ya ce tsohuwar na da hawan jini. Ga jarrabawa saura wata guda, kuma ba mu da wani malamin lissafi.

Da safe kakata, wadda ke aika masa tuwo kullum, ta murɗe mini kunne. "Ɗan banzan ga, bakin da ya ɓata shi ka gyarawa. Tashi mu raka shi Ƙaura, can akwai sabis."

A can Malam ya kira mahaifiyarsa, ta ƙi yarda. Wai murya ba ta da hannu. Sai muka shiga shagon intanet aka ɗauke shi hoto, hannaye biyu a sama, Kaka ta riƙe na hagun gam. Aka tura wa ƙanwarsa ta nuna wa tsohuwar. Muka zauna jira, ina ji kamar a kan garwashi nake.

Can waya ta yi ƙara. Tsohuwar ce, ta ƙirga yatsu a hoton, goma cif. Sannan ta ce, "Wace ce wannan da ta riƙe mini ɗa?" Aka miƙa wa Kaka. Kowace na yarenta, ba mai jin wata, suna ta dariya har katin ya ƙare. Da muka koma gida, Malam ya kwance jakarsa.

Tun daga ranar na gane waya na kai magana nesa, amma ba ta kai murmushin mai faɗarta. Wanda bai san ka ba, wasanka labari ne a wurinsa.